Kiɗan Kyauta da Ladan Kuturu



Hunturu ya shigo, doya ta cika kasuwa, kuma kamar yadda aka saba duk ƙarshen shekara, samarin unguwa sun fara zagayawa da littafinsu. Duk wanda ya kwana biyu a Gidan Kwano ya san littafin nan. Wasu daga cikin samarin 'ya'yan masu gari ne, wasu 'yan jami'a ne da ke haya a bayan titi, kuma in za mu faɗi gaskiya, akwai namu a cikinsu. Suna bi shago-shago, tebur-tebur, suna neman gudummawar wasan da suke yi sau ɗaya a shekara, wanda 'yan boko ke ce wa kanibal. A kafa rumfa a fili, a jera lasifika, masu ganga su yi nasu da yamma, mai sa waƙoƙi a na'ura ya karɓa da dare. Ba ƙofa, ba tikiti. Kowa ya zo ya ji, ya tafi abinsa.

Bara mun ga yadda mutum uku daga cikinmu suka karɓi masu littafin. Na farko mai shagon kayan masarufi ne. Ya zaro abin da ya sawwaƙa ya miƙa, ko kallon littafin bai yi ba, ya ce, "Ku je, Allah Ya sa a tashi lafiya." Na biyu dattijo ne mai sayar da hatsi. Ya ce musu, "Samari, ku yi haƙuri, ni ba na sa kuɗina a kiɗa." Suka ce, "Ba komai, Baba," suka wuce. Ranar wasan tun la'asar ya ja ƙyauren shagonsa ya tafi gida. Na uku kuwa tsayar da su ya yi, ya yi musu wa'azi mai zafi har mutane suka taru, ya ce su ne ke jawo wa unguwa fushin Allah, ko sisinsa ba za su gani ba. Da ranar ta zo, tun kafin magariba ya kai tukubarsa bakin filin. Kafin sha biyun dare ko tsinke ɗaya bai rage ba. Da safe da bakinsa ya ce rabonsa da ciniki irin na daren nan tun Sallah.

Tun daga lokacin maganar ba ta mutu ba. An yi ta a bencin mai shayi, an yi ta a inuwar masallaci bayan an idar da salla, har iyayenmu mata sun yi ta a gidan suna. Wasu na cewa na farko ya sa hannu a saɓo. Wasu na cewa na biyu ya cika tsanani. Na uku kuwa, abin mamaki, shi aka fi nema wa uzuri: ai sana'arsa ya yi, ai nama halal ya sayar. To tunda littafin ya sake fitowa bana, gara mu zauna mu duba maganar kafin ya iso ƙofarmu. Ba sunan kowa za mu kama ba, domin in an bincika, kowannenmu yana da ɗan rabonsa a cikin mutanen nan uku.

Mu fara kawar da abu ɗaya gefe. Wannan takarda ba ta zo yanke hukunci a kan kiɗa ba. Malamai sun daɗe suna magana a kai. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san ta tsananta a kan sauraron kayan kiɗa da waƙa. Wanda ya leƙa Ihya'u ta Imamu Gazali ya san ya ware babi guda a kan sauraro, inda ya bambanta wanda ke jan zuciya zuwa alheri da wanda ke janta zuwa ɓarna. Kuma duk mun ji labarin 'yan matan nan biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Kowa ya riƙe abin da malaminsa ya karantar da shi, kada ya zagi wanda ya riƙe wani. Tambayarmu ta yau ta 'yan kasuwa ce: abin nan da ake ce wa kyauta, wa ya biya shi? Kuma wanda ya ci moriyarsa, me ya hau kansa?

Mu da muke auna gero da mudu mun fi kowa sanin cewa babu abin da ke faɗowa daga sama. In ka yi wa mai saye gyara, shi dai ya samu kyauta, amma kai ka san daga buhunka ta fita. Haka wasan nan yake. Janareta ba ruwan rijiya yake sha ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da galan ɗaya ke ci a aljihu. Lasifika haya ce, rumfa haya ce, kujeru haya ne. Mai ganga yana da iyali, ba zai kwana yana dukan fata ya koma gida hannu rabbana ba. 'Yan sintirin da za su tsaya a bakin hanya sai an ba su na goro. Wannan duk lissafin da ke shiga littafi ke nan.

Akwai kuma wanda ba ya shiga littafi, kuma shi ya fi nauyi. Mai jego da jaririnta ya kwana yana firgita ta biya. Tsohon da ke fama da hawan jini, wanda bai runtsa ba sai da asuba, ya biya. Ɗalibin da ke da jarrabawa da safe ya biya. Uban da ya kwana yana leƙen ƙofa don ɗansa bai shigo ba ya biya. Washegari kuma matan da gidajensu ke kallon filin, waɗanda za su duƙa su share ledar ruwa, da ɓawon rake, da tsinken tsire, da takardar da aka naɗe nama, su fitar da abin da ya toshe kwata, su ma sun biya, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yarda. Ku lura da sharar nan da kyau, 'yan'uwa. Mai ganga ba ya barin shara. Yawancin abin da ake sharewa daga teburanmu ya fito.

Ashe in an ce wasa kyauta ne, abin da ake nufi shi ne ba a hana kowa shiga. Yaron da ba shi da ko kwabo zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan mai kuɗi, su ji abu ɗaya. Wannan abu ne mai kyau, kuma ya yi ƙaranci a zamanin da ko kallon ƙwallo sai ka biya a bakin ƙofa. Amma kuɗin yana nan, an dai raba shi ne a kan wasu kawuna. Maganar adalci ita ce: a kan kawunan su wa?

Iyayenmu a gida sun san amsar wannan tun kafin a kawo lasifika. Waɗanda suka tashi a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau za su tuna kalankuwa. Bayan an gama girbi, an kai amfani gida, samari su yi karo-karo, sarkin samari ya tsaya a kan shiri, a gayyato na ƙauyukan maƙwabta, a yi kwana da kwanaki ana kiɗa da kokawa. Ba wanda ke karɓar kuɗin shiga. Amma gidaje ne ke tuƙa tuwon baƙi, gidaje ne ke ba su wurin kwana. Makaɗin noma da ya bi gayya da damina yana zuga manoma, da kaka zai zagayo, kowane mai gona ya ciro masa dami. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, in makaɗansa suka saki kalangu a ƙofar gidan biki, mai hali ne ke yin kyauta, almajiri da ɗan dako su sha waƙa ba su ba da komai ba. Tsarin ke nan: mai ƙarfi ya ɗauki mai yawa, mai rauni ya ɗauki kaɗan, wanda ba shi da komai a ɗauke masa. Abin da ba a sani ba a wancan tsari shi ne mai hali ya cika aljihunsa a taro sannan ya ce shi ba ruwansa.

A birni kuwa, abin da ya fi kama da wasan samarin nan shi ne tashe. Sau ɗaya a shekara, daga goma ga watan azumi, unguwa-unguwa, ba ƙofa ba tikiti. Yara maza da gwangwani da gemun auduga, 'yan mata da ƙwarya, a yi Mairama da Daudu, a yi Jatau Mai Magani, a Kano kuma Nalako ya fito farautar gwagware. Wa ke biya? Mai gida ne, da ɗan hatsi ko 'yan canji. Wa ke tsaro? Kowa da kowa. Dattijon da ke zaune a dakali ya san ɗan wane ne wannan, ya san wancan baƙon ido ne, kuma in ya daka tsawa ana ji.

Ga abin da ya faru da dattawa suka tashi daga dakali. A azumin 2022 rundunar 'yan sandan Kano ta hana tashe, ta ce ɓata-gari na fakewa da shi suna daba da ƙwacen waya da shaye-shaye, kuma daga baya an sake maimaita hanin. Ku duba fa, Kano ce, gidan Nalako. 'Yan dabar da suka jawo hanin ba su rasa komai ba, domin ɗan daba ba ya rasa wurin da zai yi ta'asarsa. Ƙananan yara ne suka rasa, su da ba su yi laifin komai ba. Wasan da kowa ke so amma ba mai tsaya masa, ƙarshensa ke nan: miyagu su karɓe shi, hukuma ta rufe shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa ka yi wa naka.

Yanzu mu dawo Gidan Kwano, mu tuna ko mu su wane ne a nan. Sunan garin da Hausa yake, amma ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda muka saba kira Gwarawa, ga kuma Nufawa maƙwabtansu ta wajen Bida. Layin dogo da ya taso daga Baro ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911, kuma 'yan kasuwarmu da yawa bayan jirgin nan suka biyo. Masu gari suka ba su wuri. Har yau a cikin Minna akwai Dutsen Kura Hausa, akwai Dutsen Kura Gwari, suna maƙwabtaka. A 1976 aka ƙirƙiri Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, wasu suka ƙara zuwa. A 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ta fara a Bosso, daga baya ta taso nan kan hanyar Bida, mu kuma muka biyo ɗalibai kamar yadda na gabanmu suka biyo jirgi. Mu mutane ne masu bin taro. Inda jama'a ta taru, nan Allah Ya ajiye abincinmu.

Wanda ya manta da haka ya tuna 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗanda muke nan mun ga yadda bakin ƙofar makaranta ya koma kamar an yi shara. Mai shayi ya dafa ruwa ya huce, mai acaɓa ya wuni a inuwa, wasunmu suka tattara suka koma gida sai da aka buɗe. A lokacin ne muka gane cewa taro dukiya ne, kuma ba mu muke tara shi ba. Wasu ne ke tarawa, mu zo mu kasa kaya. To taron daren wasa ma haka yake. Ba ƙamshin tsire ne ya fito da ɗaruruwan mutane cikin sanyin hunturu ba. Ganga ce, da lasifikar da wasu suka yi karo-karo suka ɗauko.

Kuma kada mu manta mu ma ana ɗauke mana. A cikin masu gari akwai Musulmi 'yan'uwanmu, akwai Kirista. Wata guda cur muna tafsiri da lasifika, goman ƙarshe muna tahajjudi cikin tsakar dare, kullum ta Allah muna kiran assalatu. Ranar idi mu cika hanya, mai mota ya jira. Yaranmu su buga gwangwanin tashe a ƙofar wanda ba ya azumi, ya fito ya yi dariya ya ba su na alewa. Alhali a cikin wasannin tashen namu har akwai wanda ake kwaikwayon Bagwari don a yi dariya, abin da ya kamata mu ja wa yaranmu kunne a kai tunda a ƙasar mutane muke. Ba muna daidaita kiran salla da ganga ba ne, Allah Ya kiyaye. Muna magana ne a kan kunnen maƙwabci, wanda barcinsa ke katsewa ko da mene ne ya katse shi. Sun yi haƙuri da namu kwana talatin. In nasu na dare ɗaya ya zo, ya kamata a ce mun san irin bakin da za mu yi magana da shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba ma yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke.

To, mu koma kan mutanenmu uku, mu fara da na uku tunda shi aka fi karewa.

An ce nama halal ya sayar wa mai jin yunwa, ina laifi? Gaskiya ne, cinikinsa ya ƙullu, ba mai cewa kuɗinsa haramun ne. Amma ba duk abin da ya halatta ne ya cika mutunci ba. A Kasuwar Kure, wa ke kasa kaya bai biya kuɗin rumfa da na shara ba? In wani ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa a gaban shagonka ranar da kasuwa ta fi ci, ya kwashi ciniki, da aka zo karɓar kuɗin mai gadi ya ce shi ba ya hulɗa da 'yan kasuwar nan don duk macuta ne, me za ka kira shi? Abin da muke yi wa samarin nan ke nan. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu mun karɓi ladan, da aka miƙo kai sai muka tuna muna ƙyanƙyami.

Sai a ce, "Yo in na ba su, ai na taimaka wa saɓo." Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ba za mu yi masa dariya ba. Amma mu bi shi har ƙarshe mu gani. In taron ya ƙazanta har ba ya halatta ka sa naira ɗari a cikinsa, yaya aka yi ya tsarkaka har ka ciro dubbai daga cikinsa? Yaya aka yi ka tsaya awa shida a bakinsa, kiɗan da ka la'anta yana shiga kunnenka, kana ƙara wa masu rawa ƙarfi da nama mai zafi? Tsoron Allah da ke tashi lokacin bayarwa, ya kwanta lokacin karɓa, ya kamata mai shi ya zauna shi kaɗai ya tambayi zuciyarsa sunan abin. Kuma samarin nan ba makafi ba ne. Yaron da ka yi wa wa'azi ranar Talata, ya gan ka kana ƙirga kuɗi a bakin fili ranar Asabar, ba kai kaɗai zai raina ba. Wa'azin zai raina, da masallacin da ka fito.

Bayan haka, wa ya ce gudummawa sai ta tafi ga ganga? Wanda zuciyarsa ba ta natsu da biyan makaɗi ba, ga ƙofofi a buɗe waɗanda ba malamin da zai yi gardama a kansu. Ka ajiye randa ko jarkar ruwan sha a ba jama'a. Ka ja waya ka sa ƙwai ɗaya a lungun nan mai duhu da 'yan mata ke bi su koma gida. Ka biya wa 'yan sintiri. Ka kawo buhu ka ajiye kusa da teburinka don shara, da safe ka turo yaronka da tsintsiya. Shayar da mai ƙishi da kawar da ƙazanta daga hanya, tun muna makarantar allo aka gaya mana sadaka ce. Ka ce wa masu littafi, "Samari, ni ba na biyan kiɗa, amma ku rubuta shara a kaina." Ka fita haƙƙinsu, ka kuma tsira da abin da ka yi imani da shi.

Na biyu, dattijo mai hatsi, mu a ganinmu ya fi kowa tsabtar lissafi. Bai bayar ba, bai karɓa ba, bai zagi kowa ba. Ya yi asarar cinikin yamma guda saboda abin da ya yarda da shi, kuma imanin da mutum ya biya wa kuɗi daga aljihunsa ba a raina shi. Duk wanda ya zaɓi hanyarsa, a girmama shi, kada a kira shi mai tsanani. Abu ɗaya kawai za mu tuna wa Baba cikin ladabi: ƙyauren shago yana rufuwa, amma kunnen jikoki ba ya rufuwa. Ko mun so ko mun ƙi, wasu yaranmu za su je filin nan, wasu da izini, wasu ta katanga. In duk dattawan kirki suka shige gida suka ja bargo, su wa muka bar wa yaran? Ba muna cewa ya je ya zauna gaban lasifika ba. Amma a samu manya biyu ko uku a bakin hanya, inda za a gan su, ya ishe wani yaron ya mayar da abin da ya ɗauko cikin aljihu.

Na farko kuma, mai shago, ya yi abin maƙwabtaka, amma ya tsaya a rabin hanya. Ya ba da kuɗi kamar mai korar ƙuda, bai tambayi komai ba. Alhali wanda ya sa hannu a tuwo yana da bakin cewa gishiri ya yi yawa. Da ya buɗe littafin ya ce, "Ga nawa, amma ƙarfe nawa za ku tashi? Ina za ku juya lasifikar? In an kira magariba da isha'i za ku sassauta? Wa zai hana a sayar wa yara ƙwaya a bayan rumfa?" da kuɗinsa sun yi aiki biyu. Shaye-shaye da lalata da ake tsoro a irin wannan dare ba ƙarya ba ne, duk mun san suna faruwa. Amma guna-guni a bencin mai shayi bai taɓa hana ko ɗaya ba. Wanda ake jin maganarsa a wurin shiri shi ne wanda ya ɗauki wani abu na nauyin.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Landan akwai unguwar da ake kira Notin Hil, inda baƙi baƙaƙen fata daga tsibiran Karebiyan suka zauna. A 1958 samarin Turawa suka far musu, aka yi kwanaki ana tarzoma. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara wasan titi na kyauta a unguwar duk ƙarshen watan Agusta, baƙin nan suka riƙe shi, har ya zama ɗaya daga cikin manyan tarukan titi a Turai. Mutanen da aka so a kora sun zama waɗanda hukuma ke zama da su a tsara ranar. Duk da haka, har gobe ana jayayya a kan wa zai biya masu tsaro da masu kwashe shara, wasu mazauna unguwar kuma kan rufe gidajensu su bar gari sai an gama. Ko a ƙasar masu kuɗi, kyauta tana da mai biya. Kuma baƙon da ya ɗauki kaya tare da 'yan gari, a hankali ake daina kiransa baƙo.

Adalci kuwa ba ya tafiya da ƙafa ɗaya, don haka ga tamu maganar ga masu littafi, musamman namu da ke cikinsu, su kai wa abokansu. Gudummawa roƙo ce, ba haraji ba. Wanda ya ce ba zai bayar ba, a ce masa an gode, kada a yi masa alama, kada a tsaya masa a ƙofar shago ana huci. Ranar da littafi ya koma abin tsoratarwa, ya tashi daga wasa ya zama ƙwace. A rubuta abin da aka tara, a faɗi inda ya tafi. A yanke lokacin tashi, a cika alkawari. A tambayi gidajen da ke kallon fili tun kafin a kafa rumfa, domin su ne ke biyan kaso mafi tsada. Mai jinya a unguwa ya fi mai rawa haƙƙi.

Abin da muke ba da shawara bana ba mai wuya ba ne. Kafin ranar, a samu dattawa biyu daga masallaci da biyu daga cikin 'yan tebur su je su gaida mai gari, su zauna da shugabannin samarin. A kai buƙatunmu: lokutan salla, lokacin tashi, inda lasifika za ta kalla, da batun ƙwaya. A kai kuma abin da muka ɗauka: ruwa, fitila, shara, da mutanen da za su tsaya a hanya. Duk wanda ya san zai kasa kaya a daren, ya sa hannu, ko a littafinsu ko a namu na shara da ruwa. Wanda ya ga ba zai iya ko ɗaya ba, ya bi sawun Baba mai hatsi, ya rufe ya tafi gida da mutuncinsa, ba mai ganin laifinsa. Iyaye mata kuma, ku kuka fi mu sanin wace yarinya ce ta fita da wa. A san wanda zai raka, a san lokacin dawowa.

Ladan zai karɓi sunayen masu son shiga wannan aiki bayan sallar la'asar, yau da gobe.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin maƙwabci, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Gidan Kwano da Jihar Neja da ƙasa baki ɗaya lafiya. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan magana ya same mu ya gyara mana, ƙofa a buɗe take.